Fayil ɗin Inna Ya Fi Ni Yawo Bana

Da safen nan akwati ya faɗo mini a kan babban yatsan ƙafa, kuma ba ni da wanda zan kai ƙara, domin tayar ƙarfen da ta daddatse ni, ni na ɗaura ta da hannuna. Ina tsalle da ƙafa ɗaya a ƙofar shago, maƙwabcina mai sayar da takalma, wanda duk layinmu ke kira Dunduniya, yana yi mini sannu yana ƙyaƙyata dariya, sai ga wayar edita. Wai shekara ta zo ƙarshe, don haka duk mai rubutu a jaridar nan ya kawo labarin wuraren da ya fi jin daɗin ziyarta bana, da hotuna in da hali. Na ce masa ranka ya daɗe, ni gyaran akwati nake yi, masu akwatin ne suke tafiya. Ya ce ba ruwansa, shafi ne dai a cika masa shi kafin a tashi aiki.

Da na zauna na ɗaure yatsan da tsumma, sai na ga ashe ni ma na sha yawo bana, har tayar babur ɗina ta baya ta sule. Kuma duk yawon nan dalilinsa ɗaya ne. Ƙanwata Auta tana aure a wani birni can ƙetare, ta haifi ɗa namiji a farkon shekara, Inna kuma ta ce sai ta je ta ɗauki angon nata da hannunta. Mun nuna mata shi a waya, ta kawo wayar har kan hancinta, ta ce ita wani haske kawai take gani yana wutsil-wutsil. Ganinta ne ke raguwa, likita kuma ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa irin wanda ba ya dawowa ne, duk abin da take son gani ta gan shi da wuri. Auta ba ta da halin zuwa, don irin aikin da take yi, in ta ɗaga ƙafa wani zai maye gurbinta. Komai na tafiyar Inna ya haɗu, saura takarda guda daga Hukumar Tabbatar da Cewa Kai Ne Kai, wadda ba ta aiki sai Mai Girma Mai Koren Biro ya sa mata hannu.

Wurin da ya fi kwanta mini a rai duk bana shi ne bencin hawa na biyu na wannan hukuma. Duk mai neman hutu na gaskiya, ina ba shi shawara ya gwada shi. Benci ne na mutum huɗu da ke ɗaukar mutum bakwai, ƙafarsa ɗaya gajera ce, an tokare ta da fayil uku na wasu bayin Allah da suka gaji suka daina zuwa. A sama akwai fanka mai fiffike biyu, wadda ba ta juyawa sai sakatariya ta ji zafi. Ta taga kuma kana hango wurin ajiye motar Mai Girma, an share shi tas, an yi masa rumfa, babu kowa a ciki sai wata mage. Ban taɓa zuwa bakin teku ba, amma ban yi zaton ya fi nan sa mutum tunanin rayuwarsa ba.

A bencin nan na yi abokan da ko a makaranta ban yi irinsu ba. Akwai wani dattijo da muke kira Shugaban Benci, wanda ya zo neman takardar tafiya bikin 'yarsa, yanzu kuma yana neman ta zuwa ganin jikokinsa biyu. Shi ke raba wurin zama, shi ke sanar da sabon zuwa cewa Mai Girma ya yi tafiya, don kada a wahalar da sakatariya da maimaita magana ɗaya. Wata rana ya yi zazzaɓi bai zo ba, masinjan ofis da kansa ya je gida duba shi.

Kada ku ɗauka Mai Girma yawon banza yake yi, Allah ya ja zamaninsa. Da kunnena na ji shi a rediyo yana alƙawarin cewa nan gaba kaɗan takardar nan a yini ɗaya za a riƙa samun ta. Don cika wannan alƙawari ne ya sadaukar da kansa, yake bin ƙasashen duniya ɗaya bayan ɗaya yana koyon yadda ake rage layi. Sau tara ya fita bana saboda mu. A tafiya ta uku ma ya dawo mana da na'urar raba lamba, wadda za ta riƙa kiran mutane bi da bi. Tana nan a bakin ƙofa cikin kwalinta ba a buɗe ba, don wanda ya iya kunna ta sai an tura shi ƙetare ya koyo. Kafin nan masinja yana ɗora filas ɗin shayinsa a kai, kuma tsayin ya yi masa daidai.

A hanyar zuwa bencin akwai wani wurin shaƙatawa da ba zan yi masa butulci ba, wato layin gidan mai. Iska mai kyau, hira kyauta, ga motsa jiki na turin babur taku uku-uku. A nan na haɗu da wanda muka rabu tun muna firamare, muka yi zumunci, muka yi faɗa a kan wa ya riga wa, muka shirya, duk kafin mu hango famfo. Da muka iso aka ce mai ya ƙare, muka yi musayar lambar waya.

Amma inda Inna ta fi so shi ne shagon mai hoto. Dokar hukumar ita ce, hoton da ke jikin fayil kada ya wuce wata uku da ɗauka a ranar da za a sa hannu, wai saboda fuska tana canjawa. Inna ta haura saba'in, fuskarta ta gama duk canjin da za ta yi tun ina saurayi, amma doka doka ce. Sau huɗu na goya ta a babur zuwa shagon nan. Kowane zuwa sai ta yi wanka ta fesa turare, na ce mata Inna hoto ba ya ɗaukar ƙamshi, ta ce in rufe mata baki, wurin angonta za a kai shi. Mai hoton yana ce mata ta kalli nan, ita kuma tana kallon inda muryarsa take fitowa. A zuwa na farko ta hangi kyamarar da kanta, a na huɗu sai da na tsaya a bayansa ina tafa hannu. Ranar na dawo gida raina a jagule, ko abinci ban iya ci ba.

Akwai kuma maganar takalma. Tun ranar da aka ce an haihu, Inna ta aike ni wurin Dunduniya na karɓo mata wasu 'yan takalma farare, ƙanana kamar kunnen kofi, ta ajiye su a ƙarƙashin matashinta. Duk ranar da muka sabunta hoto, sai ta ce in mayar a canjo masu ɗan girma, don yaro ba ya jiran sa hannun kowa. Dunduniya mutumin kirki ne duk da bakinsa, yana karɓa yana canzawa ba ya ko ƙorafi. Sai dai ya ce in muka ci gaba a haka, wata rana zai ba ni takalmin zuwa ofis mai igiya, lamba arba'in da biyu.

Yanzu bari in koma kan akwatin da ya karya mini yatsa. Shekara uku ke nan wani direba yana kawo mini shi, baƙi, babba, wanda in aka naɗe mutum zai shige. Jikinsa duk sitikar otal-otal ce da ta filayen jirgi, kuma direban ya gargaɗe ni tun farko cewa ko ɗaya kada in ɓamɓare, maigidan ya fi ji da su a kan akwatin. Kullum cutarsa ɗaya ce, taya. Yana tafiya fayau, ya dawo da ciki kamar zai fashe, tayoyin roba kuma ba su da wannan juriyar. Ban taɓa tambayar ko na wane ne ba, sai wata rana a tsakiyar shekara ina zaune a bencina ina kallon mage, na ga mota ta shigo, direbana ya fito ya karɓi wata takarda ya juya. Na tambayi Shugaban Benci, ya ce ai direban Mai Girma ke nan. Ashe mutumin da nake nema wata shida, tayoyinsa a hannuna suke.

A daidai lokacin ne sakatariya ta gaji da ganin fuskata. Ta ɗauko fayil ɗin Inna ta miƙo mini, ta ce in riƙe a wurina, duk inda na ci karo da Mai Girma, ko a gidan biki ko a wurin aski, in miƙa masa ya sa hannu, ita ma rabonta da shi tun kafin ta yi wannan kitson. Bayan mako guda sai ga direba da akwati, taya biyu sun tashi aiki, kuma jibi za a tafi.

Duk wanda ya san akwati ya san akwai wani aljihu a cikin murfinsa, mai faɗi, mai zif, wanda aka yi musamman don takardun aiki. Na ce a raina, mutumin da zai tafi aiki, in ya sauka masauki, ai wannan aljihu zai fara buɗewa. Na saka fayil ɗin a ciki, na haɗa da 'yar wasiƙa mai cike da ranka ya daɗe, har da sabon koren biro don kada a ce babu. Na zuge, na ɗaure bakin zif ɗin da farin zare siriri, yadda in an buɗe zan gane.

Dunduniya yana tsaye a kaina yana kallo. Ya ce, "Maƙwabci, shekara uku kana gyaran akwatin nan. Ka taɓa gyara wannan zif ɗin?"

Na ce ban taɓa ba, lafiyarsa ƙalau, har yanzu da taurinsa kamar sabo.

Ya ce, "To ka zauna ka yi tunani a kan maganar da ka faɗa."

Ban yi ba. Shawararsa ita ce in cusa fayil ɗin a tsakiyar akwatin, inda ake loda tsaraba, ni kuma na ga rashin ladabi ne a haɗa takardar hukuma da turare da agogo. Ban tsaya nan ba, sai da na ƙara wa kaina wani kuskuren. Don in faranta wa Mai Girma rai, na cire tayoyin roba gaba ɗaya na ɗaura masa na ƙarfe, irin na amalanken asibiti, na ɗaure su ɗaurin da ko jikana ba zai kwance ba. Akwatin da ke dawo mini duk bayan wata guda, sai ya yi wata huɗu ban sa shi a ido ba. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma ban taɓa yin nadamar aiki kamarsa ba.

Cikin wata huɗun nan na koma hukuma na roƙi a buɗe wa Inna sabon fayil. Sakatariya ta ce ba a buɗe wa mutum fayil biyu, sai in na farkon ya ɓata, shi kuwa wannan bai ɓata ba tunda na san inda yake. Ta tambaye ni yana ina, na ce ya yi tafiya. Ko gezau ba ta yi ba, ta jawo babban littafinta ta rubuta cewa fayil yana ziyarar aiki tare da Mai Girma. Shugaban Benci ya miƙo mini hannu, ya ce a tarihin bencin nan ba a taɓa samun wanda takardarsa ta kai wannan matsayi ba.

Yau da safe sai ga direba. Tayoyi suna nan garau, mariƙin ne ya tsinke, don da Mai Girma ya ga taya ta daina ba shi kunya sai ya ninka lodi. Garin in karɓa da rawar jiki ne akwatin ya suɓuce ya sauka a ƙafata. Ban bi ta kan yatsa ba, na ɗaga murfi. Farin zarena yana nan yadda na ɗaure shi, ƙullin ko motsi bai yi ba. Ga fayil, ga wasiƙa, ga biro da murfinsa. Dunduniya ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskata, ya koma shagonsa ya hau goge takalman da ba su da ƙura.

Na zauna ina duba sababbin sitikun, guda uku, don in san aƙalla ƙasashen da Inna ta zaga. Ta ukun tana ɗauke da hoton wata doguwar gada mai jan ƙarfe, kuma na san gadar nan, a gabanta Auta ta tsaya da jariri a hoton da ta fara turo mana. Na kira ta na kwatanta mata sunan otal ɗin. Ta ce kullum da safe ta ƙofarsa motarsu ta zuwa aiki take wucewa. Direba ya ce kwana huɗu suka yi a can, maigidan da akwatinsa.

Na rufe shago na ɗingisa zuwa gida da fayil a hammata. Na so in ɓoye wa Inna, amma tsohuwar nan ko ba ta gani tana jin ƙarya a takun mutum. Na zayyana mata komai. Ta karɓi fayil ɗin ta shafa har yatsunta suka sami hoton, ta tambaya wanne ne a ciki, na ce na ukun, mai shuɗin mayafi. Ta ce madalla, ya fi sauran kyau. Ta daɗe tana shafa shi.

Can ta ce, "Ashe dai na je."

Na ce kin je, Inna.

Ta ce, "Kwana huɗu ina garin, babu wanda ya kawo mini yaron nan na gan shi."

Amsar wannan ba na jin akwai ta a ƙasashe taran da Mai Girma ya je ƙaro ilimi. Na sunkuyar da kai ina kallon tsumman ƙafata, idona ya cika da ƙwalla, na ce yatsan ne ke zogi.

Inna ta gyara zama. Ta tambaya ko mutumin zai sake komawa garin, na ce direba ya ce wata mai zuwa akwai kashi na biyu na taron, a otal ɗin dai. Sai ta ce in ba don ita ta haife ni ba, da ta ce a kan akwati aka tsince ni. Shekara guda ina neman mutum a inda ba ya zama, alhali ƙanwata tana wucewa ta ƙofar ofishinsa na gaskiya kullum da safe. Ta ce in mayar da fayil ɗin cikin aljihun nan, tunda duk duniya babu inda ya fi shi tsaro. In ya sauka, Auta ta saɓi yaron ta je ta zauna a ƙofar otal, ta gaishe shi da ladabi, ta nuna masa zif ɗin da bai san da shi ba, ta tsaya a kansa har ya sa hannu. Sannan ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro 'yan takalman, ta ce a haɗa da su, amma a fara biyawa wurin Dunduniya a ƙaro lamba ɗaya, don an ce angon ya fara tsayuwa da bango.

Ta ce, "Ko ban gan shi da su ba, in ya taka a waya zan ji ƙararsu."

Don haka gobe da safe zan goya ta zuwa hoto na biyar, ta riga ta sa an fito mata da turaren. Dunduniya ya kawo takalma masu ƙara in an taka, ya ce waɗannan ba na canji ba ne, kyauta ce. Mariƙin akwati kuma na gyara shi gyaran mutunci, wanda zai kai shi ya dawo da shi, ya tsinke a daidai ƙofar gida. Na yi shekara ashirin ina wannan sana'a, na san zaren da ke yin wata guda.

Edita, ga wurarenka nan, benci da layin mai da shagon mai hoto. Hotuna kuma ina da guda huɗu, duk na Inna ne, sai ka zaɓa. Uwargidana ta leƙo tana karanta abin da nake rubutawa, ta ce ba ni da wayo, ya zan tona shirinmu a jarida, in Mai Girma ya karanta fa? Na ce ta kwantar da hankalinta. Jarida ma takarda ce, kuma a naɗe ake kai masa ita.